Ƙuri'ata Guda Ɗaya, Me Za Ta Ƙara, Me Za Ta Rage?

Wani matashi mai sana'ar gyaran waya a Kano ya aiko da wannan tambaya: "Malam, sau biyu ina yin zaɓe, 2019 da 2023. Na sha rana tun safe har la'asar, amma har yau ban ga abin da ya canza a rayuwata ba. Mutum miliyan casa'in da wani abu ne suka yi rajista. Tsakani da Allah, ƙuri'ata guda ɗaya me za ta ƙara, me za ta rage? Kuma kowa ya san a sama ake rubuta sakamako. Ni dai na ajiye katina."

Ƙanena, na gode da ka fito fili ka faɗi abin da dubban mutane suke faɗa a majalisa da teburin mai shayi. Na daɗe ina koyar da ilimin siyasa, na kuma yi aikin sa ido a zaɓuka da dama, tun daga rumfa har zauren tattara sakamako, don haka ba zan yaudare ka ba. A zaɓen shugaban ƙasa, da ƙyar ne a ce ƙuri'arka ita kaɗai ce ta raba gardama tsakanin 'yan takara biyu. Wannan gaskiya ce, kuma masana sun daɗe da saninta. Tun 1957 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Anthony Downs, ya yi wannan lissafin naka, ya nuna cewa idan mutum zai auna wahalar fita da yiwuwar ƙuri'arsa ta zama mai yanke hukunci, zama a gida ya fi masa riba. Har yau ana muhawara a kan maganarsa a jami'o'i. Saboda haka tambayarka ba ta jahilci ba ce.

Inda zan saɓa da kai shi ne wurin da ka ajiye ma'aunin. Kai ka ɗora ƙuri'arka a gefe guda, ka ɗora miliyan 93 a ɗaya gefen. To amma miliyan 93 ɗin nan ba su fito ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023, duka ƙuri'un da aka kaɗa ba su cika miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin 100 na masu rajista, kuma tun dawowar mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa samun ƙarancin fitowa irin wannan ba. Bola Tinubu ya samu 8,794,726, Atiku Abubakar 6,984,520, Peter Obi 6,101,533, Rabi'u Kwankwaso 1,496,687. Ka duba da kyau: wanda ya zama shugaban ƙasa bai samu ko da mutum ɗaya cikin kowane goma na masu rajista ba. Waɗanda suka zauna a gida sun ninka ƙuri'unsa fiye da sau bakwai.

Kuma ba a Abuja ake ƙirga ƙuri'a ba, a rumfa ake ƙirgawa. Najeriya tana da rumfunan zaɓe 176,846. Ka raba waɗanda suka fito da wannan adadi, za ka samu kimanin mutum 140 a kowace rumfa. Ka raba tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu, wadda ta ɗan haura miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas, za ka samu kimanin ƙuri'a goma a kowace rumfa. Goma! Akwai gidan da idan an tashi masu katin zaɓe a cikinsa za su fi haka. Ban ce da sauƙi a sauya ra'ayin mutum goma a kowace rumfa daga Sakkwato har Fatakwal ba. Abin da nake so ka gani shi ne girman wurin da ƙuri'arka take aiki. Cikin mutum ɗari da arba'in take, mutanen layinku, waɗanda kake sallah da su.

Ina tuna wata rumfa da na tsaya a wata makarantar firamare, a ƙarƙashin bishiyar darbejiya. An gama jefa ƙuri'a bayan la'asar, yarinyar da ke shugabantar rumfar, mai yi wa ƙasa hidima, ta zazzage akwati a kan tebur. Tana ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna ƙirgawa da ƙarfi tare da ita. Magariba ta kawo kai ba a gama ba, aka kunna fitilun waya aka kewaye teburin. Akwai wata dattijuwa da ta shimfiɗa ɗankwalinta ta zauna a ƙasa tun azahar, jikanta ya yi ta cewa, "Inna, ki zo mu tafi, ai kin yi naki." Ta ce masa ba inda za ta sai ta ji abin da akwatinsu ya haifa. Da aka kai ga wata takarda da tawada ta ɗan ɓata layi, wakilan jam'iyyu biyu suka kusa cin kwalar juna a kanta, kowa yana rantsuwa tasa ce. Takarda ɗaya tak. Su waɗannan ejan-ejan ɗin ba ilimin siyasa suka karanta ba, amma sun san darajar abin da suke faɗa a kai, domin sun san ubangidansu zai tambaye su lissafin akwatin nan kafin gari ya waye.

Idan ka sauko daga zaɓen shugaban ƙasa zuwa na jiha, maganar ta ƙara fitowa fili. A 2019 a Sakkwato, bayan an sake zaɓe a wasu rumfuna, Aminu Waziri Tambuwal ya samu 512,002, Ahmad Aliyu ya samu 511,660. Tazarar 342 ce, a jihar da take da rumfuna sama da dubu uku a lokacin. Ma'ana, da a cikin kowace rumfa takwas an samu mutum ɗaya kacal daga magoya bayan wanda ya sha kaye ya fasa zaman gida ya fito, da wani ne daban ya yi mulkin Sakkwato na waɗannan shekaru huɗun. A Osun a 2018, Ademola Adeleke yana gaba da ƙuri'a 353 a zagayen farko, aka sake a rumfuna bakwai, Gboyega Oyetola ya ci da 482. A Amurka ma, ƙuri'a 537 ta jihar Fulorida ce ta bai wa George Bush ƙarami shugabanci a 2000. Babu wanda ya san tun da safe cewa zaɓen ranar zai zo kusa haka. Sai dare ya yi ake sani, lokacin an rufe layi, wanda bai fito ba sai cizon yatsa.

Amma tunda kai ɗan Kano ne, kuma ka ce ka yi zaɓen 2019, bari mu tsaya a kansa, don na san shi ne ya kashe wa da yawa daga cikinku gwiwa. A ranar 9 ga Maris, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,014,474, Abdullahi Umar Ganduje ya samu 987,819. Tazara 26,655. Hukumar INEC ta ce zaɓe bai kammalu ba, kalmar nan ta "inkwankulusib" ta shiga bakin kowa har yara. Aka sake zaɓe ranar 23 ga Maris a rumfunan da aka soke, ciki har da na mazaɓar Gama a ƙaramar hukumar Nasarawa. Masu sa ido na gida da na waje sun ba da rahoton 'yan daba da tsoratar da masu zaɓe a wannan rana, PDP, jam'iyyar Abba a lokacin, ta ƙi amincewa, amma aka bayyana Ganduje da 1,033,695, Abba da 1,024,713, kuma kotuna har zuwa Kotun Ƙoli suka tabbatar. Kowane ɓangare kake, abin da nake so ka lura da shi shi ne ƙa'idar da ta haifar da inkwankulusib ɗin. Ƙa'idar ta ce idan tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta haura yawan masu zaɓe na rumfunan da aka soke ba, ba za a bayyana kowa ba sai an sake a wuraren. A lokacin da yawan masu rajista ake aunawa, daga baya aka koma yawan waɗanda suka karɓi kati. Masu rajistar rumfunan da aka soke a Kano sun haura dubu ɗari, tazara kuma dubu ashirin da shida. Shi ya sa ƙofa ta buɗe.

Ka ga ke nan ba cin zaɓe kaɗai ake nema ba, har da girman tazara. Duk ƙuri'ar da ta ƙaru a kan wadda ake buƙata don a ci, aikinta shi ne ta toshe ƙofar sake zaɓe, ta kuma sa sauya sakamako ya yi wuya. Tazarar ƙarshe a Kano ta 2019 ita ce 8,982, a jihar da take da rumfuna sama da dubu takwas. Kusan ƙuri'a ɗaya ke nan a kowace rumfa. A jihar da masu rajista suka haura miliyan biyar, waɗanda suka fito ba su wuce miliyan biyu da 'yan kai ba. Duk wanda ya zauna a gida ranar 9 ga Maris yana cewa tasa ɗaya ba ta komai, da shi aka yi wannan lissafin.

A 2023 aka sake gwabzawa. Abba ya samu 1,019,602, Nasiru Yusuf Gawuna ya samu 890,705. Tazarar ta kai kusan dubu 129, aka bayyana sakamako kai tsaye, ba maganar sake zaɓe. Sai rigimar ta koma kotu. A watan Satumba kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta cire ƙuri'a 165,663 daga na Abba, bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu ko kwanan wata na malamin zaɓe. Kotun Ɗaukaka Ƙara ma ta ce ya sauka. Sai ranar 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar da ƙuri'un ta tabbatar da shi. Wata huɗu Kano ta yi zuciya a hannu a kan hatimin bayan takarda. Zan dawo kan wannan hatimin.

Akwai kuma ƙuri'ar da mutum yake ganin ta faɗi, alhali ta yi aiki. Tsarin mulkinmu bai ce mai rinjaye kawai zai zama shugaban ƙasa ba, sai ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Gwamna ma haka, a ƙananan hukumomin jiharsa. Iyayenmu sun ga amfanin wannan a 1979. Jihohi 19 ne a lokacin. Alhaji Shehu Shagari ya samu kashi 25 a jihohi goma sha biyu, ta goma sha ukun ita ce Kano, inda Malam Aminu Kano na PRP ya kwashe mafi yawa, Shagari ya tashi da kashi 19.94. Cif Obafemi Awolowo ya kai ƙara, yana cewa biyu bisa ukun 19 ai 13 ne, don haka sharaɗi bai cika ba. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce goma sha biyu ne da biyu bisa uku, wato a Kano abin da ake buƙata shi ne rubu'in kashi biyu cikin uku na ƙuri'un jihar, wanda bai kai kashi 17 ba. Kotun Ƙoli ta karɓi wannan lissafi. Har gobe lauyoyi suna jayayya a kan hukuncin. Amma ka yi tunanin ɗan NPN, jam'iyyar Shagari, a Kano a wannan rana, yana tsaye a layi a tsakiyar 'yan PRP, ya san ɗan takararsa ba zai ci akwatinsu ba, ba zai ci jihar ba. Ƙuri'arsa da ta ire-irensa ce ta cike gurbin da ya kai Shagari fadar gwamnati ba tare da zagaye na biyu ba.

Yanzu ga babbar maganarka, cewa a sama ake rubuta sakamako. Ba zan ce maka ƙarya kake yi ba, domin ka ga abin da ka gani. An soke zaɓen 12 ga Yuni 1993 bayan jama'a sun yi layi sun zaɓi Abiola, wanda ya kayar da Bashir Tofa har a Kano. Shugaba 'Yar'aduwa da bakinsa ya amsa cewa zaɓen 2007 da ya kawo shi yana da naƙasu. A Imo a 2020 Kotun Ƙoli ta ɗauko wanda hukumar zaɓe ta sa a na huɗu ta ba shi kujerar gwamna. A 2023 an yi alkawarin za a ɗora sakamakon kowace rumfa a shafin intanet na hukumar zaɓe mai suna IReV nan take, sai na shugaban ƙasa ya ƙi hawa a ranar, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, mutane da yawa ba su gamsu ba. Zaɓen ƙananan hukumomi kuwa, wanda hukumomin jihohi suke shiryawa, abin kunya ne: kusan ko'ina jam'iyyar gwamna ce take lashe kujeru kaf, kuma a nan ba ni da bakin da zan kare komai. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma sun yi layi sau biyu, a Disamba 2020 da Fabrairu 2021, sun zaɓi Bazoum Mohamed, sojoji suka kifar da shi ranar 26 ga Yuli 2023. Duk wannan ya faru.

To amma in da a ce komai rubutawa ake yi, mai riƙe da alƙalami ba zai taɓa faɗuwa ba. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da Kwankwaso yana kan kujera, jam'iyyar Kwankwaso kuma tana mulkin ƙasa. A 2015 Goodluck Jonathan yana da soja da 'yan sanda da baitulmali, ya sha kaye da tazarar sama da miliyan biyu da rabi, Kano kaɗai ta bai wa Buhari miliyan ɗaya da dubu ɗari tara. A 2019 Bala Mohammed ya kayar da gwamna mai ci a Bauchi, Bukola Saraki yana shugaban majalisar dattawa ya rasa kujerarsa a Kwara. A 2023 Dauda Lawal ya kayar da Bello Matawalle a Zamfara, gwamnoni masu ci irin su Atiku Bagudu na Kebbi da Darius Ishaku na Taraba da Samuel Ortom na Binuwai suka nemi sanata suka faɗi, Tinubu kansa ya rasa Legas da ƙuri'ar da ba ta kai dubu goma ba. A Adamawa kwamishinan zaɓe na jihar ya tashi ya bayyana wadda ta ci tun ba a gama tattara sakamako ba, hedikwatar hukumar ta soke sanarwar, aka ƙarasa ƙirga aka bayyana Ahmadu Fintiri. Maguɗi yana nan, amma yana da iyaka, kuma yawan jama'a ne iyakarsa. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Bari in nuna maka yadda tsagewar take. A ƙarƙashin tsohuwar dokar zaɓe ta 2010, ba a cewa an yi aringizo sai ƙuri'un akwati sun haura yawan masu rajista. A ɗauka rumfa tana da mutum 600, 150 suka fito. Sauran 450 ɗin fili ne da mai maguɗi zai iya dangwalewa ba tare da lissafi ya tona shi ba. Wato da sunan wanda ya zauna a gida ake yi masa zaɓe. Dokar 2022 ta rage wannan ɓaraka, ta ce da yawan waɗanda aka tantance za a auna, na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS kuma tana riƙe da adadin. Da wannan hanya ta ƙuntata, sai 'yan siyasa suka ƙara karkata ga hanyoyi biyu: sayen ƙuri'a da korar masu zaɓe. Dukkansu biyun shaida ce a kan abin da nake faɗa maka. Ɗan siyasa ba ya zubar da kuɗinsa a banza. Da zai iya rubuta sakamako yana kwance a ɗakinsa, me zai sa ya loda taliya da atamfa da sabulu a mota yana bin gida-gida cikin dare? Me zai sa ya ɗauki nauyin 'yan daba su tarwatsa layin unguwar da ya san ba ta yinsa? Abin da kai kake cewa ba shi da daraja, shi ya sa masa farashi, kuma yana tsoronsa.

Ƙarancin fitowa kuma shi ne yake sauƙaƙa masa cinikin. In mutum 140 ne za su fito, ya sayi 70 ko 80 ya gama da akwatin. In 400 ne, kuɗin ya ninka, sa ido ya yi wuya, kuma dole ya fara tunanin abin da zai faɗa wa mutanen da ba za su sayu ba. Wanda yake zama a gida don fushi galibi shi ne wanda ba a iya saya da taliya. Idan ya janye, ya bar fili ga waɗanda aka saya, ya kuma rage wa mai saye tsada. Wannan ne ya fi ci mini rai a duk lamarin, domin mafi yawan masu ajiye kati irinka ne, masu tunani, masu jin zafin halin da ƙasa take ciki.

Akwai wani aiki da ƙuri'a take yi bayan an rantsar da mutum, wanda ba a cika magana a kansa ba. Duk ɗan siyasar da ya san abin da yake yi yana da takardun sakamako akwati-akwati, kuma yana duba su. Ya san mazaɓar da take kawo dubu goma, ya san wadda take kawo dubu ɗaya. Ranar rabon taransifoma ko rijiyar burtsatse ko gurbin aiki, wannan takardar tana kan tebur ko tana cikin kansa. Ban ce daidai ba ne, haƙƙin kowa ne a yi masa aiki ko ya yi zaɓe ko bai yi ba, amma haka abin yake gudana. Unguwar da ta fito da yawa ta zaɓe shi, yana tsoron rasa ta. Wadda ta fito da yawa ta ƙi shi, yana neman hanyar shawo kanta. Wadda ba ta fitowa kwata-kwata, ba ya ko tuna ta. Haka rukunin jama'a: in an san matasa masu sana'ar hannu suna cika layi, za a zo kasuwarku a zauna da ku tun kafin kakar zaɓe.

Ka ce rayuwarka ba ta canza ba. Na yarda, wataƙila ma ta ƙara tsanani, da cire tallafin mai da faɗuwar naira da tsadar abinci. Ƙuri'a ba ta ba da tabbacin shugaba nagari. Mutum yana iya zaɓa da kyakkyawar niyya, wanda ya zaɓa ya ci amanarsa. Ƙarfin da take da shi na haƙiƙa shi ne na cirewa: wanda ya gaza, a sauke shi ba tare da an zubar da jini ba. Idan wanda ya ci amanarka ya ga sakamakon cin amanar shi ne ka daina fitowa, ka saka masa da abin da yake so. Kuma ina roƙonka ka daina kallon kujerar shugaban ƙasa kaɗai. Ranar zaɓe takarda fiye da ɗaya ake ba ka. Ɗan majalisar jiha da na tarayya da sanata, su ne suke amincewa da kasafin kuɗi da ciyo bashi, kuma a nan ne tazara take zama 'yan ɗaruruwa. Kaduna ta koya mana wannan tun a Jamhuriya ta Biyu: talakawa suka zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna a 1979, amma NPN ce take da rinjaye a majalisa. Suka ƙi amince masa da kwamishinoni, suka tsige shi a watan Yuni 1981, gwamna na farko da aka taɓa tsigewa a ƙasar nan. A 2015 kuma muka yi "sak", mutane da yawa suka shiga majalisa a inuwar guguwa ba tare da an tambayi ko su waye ba, daga baya aka dawo ana kuka da su.

In kuma kukanka shi ne duk 'yan takarar ba na zaɓa ba ne, to matsalar tun daga zaɓen fid da gwani take, inda a 2022 daliget kaɗan, wato wakilan jam'iyya, suka yanke wa miliyoyi hukunci. Shugabannin jam'iyya na mazaɓa kuwa, a taron da bai cika cika aji ɗaya ba ake naɗa su. Wanda yake son ƙuri'arsa ta yi nauyi sosai, can ne wurin.

Wani abu kuma da ba na so ka manta: wannan katin da ka jefa a durowa, ba kyauta aka ba mu shi ba. 'Yan NEPU sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e a kan talaka ya samu bakin magana. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, tana neman a bar matan Arewa su yi zaɓe, abin da bai tabbata ba sai a 1976, shekaru da dama bayan matan Kudu sun samu. Kakarka ta girma a lokacin da doka ba ta ba ta wannan damar ba.

Idan ka yanke shawarar ɗauko katin, ga abin da nake gaya wa ɗalibaina. Tun kafin ranar ka tabbatar da rumfarka, domin an ƙirƙiro sababbi a 2021, an kuma mayar da wasu mutane can, da yawa sun je tsohon wurinsu ba su ga sunansu ba. In an miƙo maka takarda, ka juya bayanta ka ga hatimi da sa hannu da kwanan wata, in babu ka mayar a sa, ka tuna abin da ya faru da ƙuri'a 165,663. Ka dangwala a cikin gida ɗaya, ka bari tawadar ta ɗan sha iska, ka naɗe yadda ba za ta shafi wani gidan ba. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ƙuri'a 939,278 ne suka lalace, a 2019 sun haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma duk masu su sun sha rana kamar yadda ka sha. Bayan ka jefa, in akwai zaman lafiya kada ka tafi. Taken nan na "a kasa, a tsare, a raka" ba na jam'iyya ɗaya ba ne yanzu, na duk mai zaɓe ne. Ka tsaya a ƙirga a gabanka, a cike takardar sakamakon rumfa ta EC8A, wakilan jam'iyyu su sa hannu, a ɗauki hotonta da BVAS, a manna kwafi a bango. Kai mai gyaran waya ne, ka fi kowa sanin yadda ake ɗaukar hoto mai kyau: ka ɗauka yadda lambar rumfa da alƙaluma za su fito sarai, ka ajiye, daga baya ka shiga IReV ka gwada da abin da aka ɗora. In ka ga bambanci, ka kai wa wakilin ɗan takararka ko ƙungiyoyin sa ido tun kwanakin shigar da ƙara ba su ƙare ba, domin kwana 21 ne kacal doka ta bayar daga ranar da aka bayyana sakamako.